Waiwaye: Farfela Huɗu a Kan Turke Guda

Wanda ya yi hunturu a ƙasar Adar ba sai an ba shi labarin iska ba. A watan Maris na 2022 gwamnatin Nijar ta sa hannu da kamfanin Savannah Energy na Ingila kan gina tashar kuran ta iska a Tarka, cikin jihar Tawa, mai injuna har 60 da ƙarfin da zai iya kai megawat 250. Tun ranar nake tambayar kaina: ta ina fikafikan za su biyo? Fiffike ɗaya na injin zamani yakan wuce mita 60, mafi yawa a dunƙule ake ƙera shi, ga teku kuma fiye da kilomita 1000 daga nan ta hanyar mota.

Wannan tambayar ce ta mai da ni ga wata tsohuwar dabara, wato a jera farfela ƙanana da yawa a kan turke guda maimakon ƙatuwa ɗaya. Wani injiniyan Jamus, Hermann Honnef, ya zana irin wannan hasumiya tun shekarun 1930, amma ba a gina ta ba. A shekarun 1970 William Heronemus na jami'ar Massachusetts a Amurka ya farfaɗo da zancen, ya ce a kai su kan teku.

Hujjarsu lissafi ce. In ka ninka tsawon fiffike sau biyu, iskar da yake tarewa za ta ninku sau 4, nauyinsa kuwa a ƙa'ida sau 8. Girma na kawo kuran, amma nauyi ya fi shi saurin hawa. Ƙanana da yawa za su tare iska daidai da babba ɗaya da kaya marasa nauyi, kuma in guda ta lalace sauran na ci gaba da juyawa.

To me ya hana? Ƙarfen da zai riƙe su duka yana cin kuɗi, wuraren lalacewa kuma sun ƙaru, sai masana'antu suka bi hanyar da suka saba. A 2016 kamfanin Vestas ya kafa na gwaji a Risø, ƙasar Denmak: farfela huɗu, kowace kilowat 225. Masu bincike sun ga ƙarin kuran na kusan kashi 1.5 cikin ɗari, sun kuma lura iskar bayansa tana saurin komawa daidai, abin da zai ba da damar matso da injuna kusa da juna. An kwance shi a ƙarshen 2018. A 2024 kamfanin Mingyang na Sin ya saka OceanX a teku, mai kawuna biyu da megawat 16.6.

Hankalin masu kuɗi yanzu yana kan teku, mu kuwa ba mu da ita. Amma ni abin da ya ja ni shi ne ƙanƙantar kayan. Farfelar da kamiyo zai ɗauko ba tare da an faɗaɗa kwana ba, wadda makanikin Tawa zai koyi saukewa ya wanke mata ƙurar hunturu, ita ta dace da mu. Mun ga abin da ya faru a Agustan 2023 da Najeriya ta yanke layin da a lokacin yake ba mu mafi yawan kuran. Irin wannan inji bai shiga kasuwa ba tukuna, amma ina so ɗalibanmu na lantarki a Tawa da Yamai su fara nazarinsa tun yanzu.