Bajekolin jiragen ruwa ba na attajirai kaɗai ba ne

An daɗe ana ɗauka cewa wanda ba shi da kuɗin sabon jirgi ba shi da abin yi a bajekolin jiragen ruwa masu tafiya da ƙyalle da iska. Wannan kuskure ne, kuma mutumin Kaduna da ya saba zagaya kasuwar bajekolin ƙasa da ƙasa da ke hanyar Zariya ya san ba kowa ne ke shiga don sayen tarakta ba.

A birnin Annapolis na Amurka, inda aka saba yin wannan taro a watan Oktoba tun 1970, jiragen suna jere a kan ruwa, amma rumfunan da ke gefe su ne suka fi amfanar mai tsohon jirgi, domin a nan yake kwatanta farashin igiya, fenti da injin, ya kuma tambayi maɗinkin ƙyalle ko nasa zai gyaru. Shiga cikin jirgi mai tsada ma ba asara ba ce, tunda yana iya ganin dabarar da zai kwaikwaya da kuɗi kaɗan.