Enkofiresis: kashin da ke zubo wa yaro ba da saninsa ba

Iyayen yara masu otizim, lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, wadda wasu kafafen labarai ke kira galahanga, sukan ci karo da wannan kalma a takardar asibiti ko a intanet. Abin da likitoci ke nufi da enkofiresis shi ne yaro ya kai shekara 4 ko ya wuce, amma yana ɓata wandonsa da kashi a kai a kai. Kafin shekara 4 ba a sa masa wannan suna, don ana ganin har yanzu yana koyo. Yaron da fahimtarsa ta yi jinkiri kuwa, matakin fahimtar ake dubawa tare da shekarun haihuwa.

A gida sunan da ake ba abin daban ne. Uba ya ce taurin kai, kaka ta ce an sangarta shi, maƙwabciya ta leƙo ta ce gudawa ce, a sayo Flagyl a kemis. Maganar maƙwabciyar ta fi kama hankali, domin abin da ake gani a wando ruwa-ruwa ne. Amma a mafi yawan yaran tushen matsalar taurin bayan gida ne.

Ga yadda abin yake faruwa. Wata rana yaro ya yi kashi mai tauri, ya ji zafi, wataƙila har duburarsa ta ɗan tsage. Washegari da ya ji kashi ya taso sai ya matse. Za ka ga ya miƙe ƙafafu ya sandare, ko ya ɗage a kan yatsun ƙafa, ko ya laɓe bayan ƙofa fuska a murtuke. Uwa takan zaci yunƙuri yake yi, alhali riƙewa yake. Aikin babban hanji shi ne tsotse ruwa daga abin da ke cikinsa, saboda haka duk kwanan da kashin ya ƙara a ciki, ƙara bushewa yake da girma, fitarsa kuma ta ƙara zafi. A hankali ƙarshen hanjin ya buɗe ya saki, ya daina aika wa ƙwaƙwalwa saƙon cewa ya cika. Daga nan sabon kashi mai laushi da ke tahowa daga sama sai ya riƙa silalowa ta gefen wanda ya toshe hanya, kamar yadda ruwa ke tsattsafowa ta gefen kwatar da shara ta cushe. Yaron bai ji fitarsa ba. Sau da yawa ko warin ba ya ji, don hancinsa ya saba. Idan ya ce bai sani ba, gaskiya ya faɗa, kuma wannan ne ya sa dukan da ake yi wa yaran nan yake ci mini rai.

Kowane yaro zai iya faɗawa wannan hali, amma mai otizim ya fi saurin shiga. Wani nazari da ya tattara bincike 15, wanda mujallar Pediatrics ta Amurka ta buga a 2014, ya gano cewa yiwuwar taurin bayan gida ga yara masu otizim ta ninka ta sauran yara fiye da sau 3. Dalilan a fili suke ga wanda ya zauna da irin yaran. Da yawansu suna kafewa a kan abinci kala biyu ko uku, taliyar leda, biskit, farar shinkafa, ba ganye ba 'ya'yan itace, ruwan ma sai an bi su da shi. Wasunsu saƙonnin cikin jiki, irin su yunwa da ƙishi da cikar mara, ba sa isar musu sarai tun asali. Wanda bai fara magana ba kuma ba shi da hanyar cewa cikinsa na ciwo, sai dai a ga ya ƙara kuka, ya ƙi barci, ko yana bugun kansa.

Sai shi kansa banɗakin. Mu manya mun saba, ba ma ganin abin tsoro a ciki. Ga yaron da ƙara da wari da taɓawa ke yi wa yawa, masai rami ne mai duhu da ƙudaje da kyankyasai, na zamani kuma ga sanyin mazauni, ga ƙafafu na lilo, ga rugugin ruwa idan an kora. Ruwan buta mai sanyi lokacin tsarki ma ya isa ya sa wani ya tsani wurin. Akwai kuma yaron da ya koyi cewa kashi a famfas ake yi, yana tsaye, a wani lungu guda. Zai riƙe yini guda a makaranta har sai ya dawo an saka masa famfas ɗin.

Magani yana farawa da kwashe abin da ya toshe, kuma wannan aikin likitan yara ne. Yawanci ana ba da maganin sha mai jawo ruwa cikin hanji, irin su makrogol ko laktulos, da farko da yawa don a wanke cikin, sannan kaɗan-kaɗan kullum. A kwanakin farko ɓata wandon kan ƙaru kafin ya ragu. Inda iyaye suka fi tuntuɓe shi ne dainawa da wuri: an ga sati biyu lafiya sai a ajiye kwalba. Hanjin da ya saki yana bukatar watanni kafin ya koma daidai. Maganin tsayar da gudawa ƙara toshewar yake yi, jiƙon filasko da sauran magungunan wankin ciki kuwa ba a ɗura wa ƙaramin yaro su da ka.

Tare da magani ake gina sabo. Hanji yakan motsa da kansa bayan cin abinci, don haka a zaunar da yaro kamar minti 5 bayan karin kumallo da bayan abincin dare, a wuri guda, a lokaci guda. Tsugunnon da muka gada ya fi sauƙaƙa fitar kashi, saboda haka mai zama a kan na zamani a sa masa 'yar kujera ƙarƙashin ƙafa har gwiwoyinsa su ɗara ƙugunsa. Fo a wuri mai haske da ruwan tsarki mai ɗumi sukan yi abin da faɗa bai yi ba. Hotuna huɗu ko biyar a jere a bango, daga cire wando zuwa wanke hannu, suna taimakon yaron da gani ya fi masa ji. A yaba masa a kan zaman da ya yi, ko bai yi kashin ba. Mai kafewa a kan famfas a bi shi mataki-mataki: ya yi a ciki amma a banɗaki, sannan yana zaune a kan fo, sannan a sassauta famfas ɗin har a cire. Gwanda, wake, miyar kuɓewa da zogale a shigo da su kaɗan-kaɗan, ba da ɗure ba. A kuma sanar da malamar aji da malamin Islamiyya, a sa wandon canji a jaka, don kada a tozarta shi a gaban yara.

Akwai alamun da ba a jira da su. Idan ciki ya kumbura tare da amai, musamman kore, ko yaro yana ramewa, ko ƙafafunsa sun yi rauni, a garzaya asibiti. Haka nan idan tun yana jariri kashinsa na farko bai fito ba sai bayan awa 48 da haihuwa, a gaya wa likita, domin hakan na iya nuna wata matsala ta jijiyoyin hanji da ake haihuwar yaro da ita, wadda ke bukatar tiyata.