Carl Credé: Amsoshin Tambayoyin Da Kuke Ta Maimaitawa

Wane ne Credé?

Carl Siegmund Franz Credé, likitan haihuwa. An haife shi a Barlin a 1819, ya rasu a Laifzig a 1892. Daga 1856 ya riƙe kujerar farfesa da shugabancin gidan haihuwa na Laifzig, ya ajiye aiki a 1887.

Bafaranshe ne?

Bajamushe ne. Sunan ne ya ruɗe ku.

Shi ya gano ƙwayar ciwon sanyi, wato gonoriya?

A'a. Albert Neisser ne, a 1879. Aikin Credé shi ne hana ƙwayar makantar da jarirai. Jariri yana ɗaukarta daga hanyar haihuwa, cikin kwana biyu zuwa biyar fatar ido ta kumbura tana zubar da diwa, in an yi sake baƙin idon ya huje. A gidan haihuwarsa kusan jariri 1 cikin 10 ke kamuwa. Ya fara da wanke gaban uwa, bai ga biyan buƙata ba. Daga 1880 sai ya koma kan idon jaririn: a goge, a ɗiga ɗigo ɗaya na ruwan silba naitiret, wani sinadari mai kashe ƙwayoyin cuta, mai ƙarfin kashi 2 cikin 100 a kowane ido, da sandar gilashi. Kamuwar ta faɗi ƙasa da 1 cikin 100. Ya wallafa sakamakon a 1881.

To mu nemo silba naitiret ɗin?

Kada ku soma. Yana sa ido ja, shi ya sa daga baya aka rage shi zuwa kashi 1, kuma kwalbar da aka bari a buɗe ruwanta na ƙafewa, maganin ya yi ƙarfi ya ƙona ido. Yanzu man ido na tetirasaikilin kashi 1 ko eritiromaisin kashi 0.5 ake sawa. Kuma don Allah a daina matsa nono ko ranbaɗa kwalli a idon da ke diwa. Wannan jaririn allura yake buƙata a asibiti, a ranar, a kuma yi wa uwa da uba magani.

Mabiyiya ta ƙi faɗowa, a matsa ciki yadda ya koyar?

Nan ne sai an yi hattara. Abin da ya koyar tun shekarun 1850 shi ne: a tabbatar mafitsara ba fitsari, a murza ciki har mahaifa ta yi tauri, a kama ƙoƙonta ta saman ciki, yatsu huɗu a baya, babban yatsa a gaba, a matse daidai lokacin da take ƙullewa, a tura ƙasa. A zamaninsa dabara ce mai kyau, domin madadinta shi ne cusa hannu cikin mahaifa ko fizgar cibiya, zazzaɓin jego kuwa yana kashe mata. Amma ko a lokacin an yi masa gardama. Mijin 'yarsa, likita Friedrich Ahlfeld, ya fi son a jira mabiyiya ta rabu da kanta. Matsalar tana wajen gaggawa. In aka matsa mahaifa tana laushi, tana iya juyewa ta fito waje, mace ta suma. In mabiyiya ba ta gama rabuwa ba, sai ta yage, guntu ya maƙale, jini ya ɓalle. Wani lokaci bakin mahaifa ma ya tsuke ya riƙe ta. Yau ana yi wa uwa allurar oksitosin, maganin da ke sa mahaifa ta ƙulle, yunit 10 a cinya cikin minti ɗaya bayan haihuwa, ƙwararriyar ungozoma ta ja cibiya a hankali, ɗaya hannun yana tokare mahaifa a saman mara. Akwai likitocin da har yanzu kan gwada matsin Credé kafin su cusa hannu cikin mahaifa, amma a asibiti, ga ƙarin ruwa a jijiya. A gida kam, a'a. A sa jariri a nono, uwar ta yi fitsari. Minti 30 mabiyiya ba ta fito ba, ko jini ya kai rabin lita, a nemi mota zuwa asibiti. In ta fito cikin minti 15 ko 20 ba jini mai yawa, ku kwantar da hankali, ba a makara ba.

Da gaske ya yi wa bakwaini na'ura?

Baho ne mai bango biyu na ɗumama jariri, ana zuba ruwan ɗumi a tsakaninsu, a canza in ya huce. Ya yi shekaru yana amfani da shi a Laifzig kafin ya rubuta bayaninsa a 1884.