Notin Keke da Ke Juyawa Bai Kama Ba: Jan Hankali Kafin Kaka

Da zarar an fara girbi, mu ma'aikatan ƙananan asibitocin karkara mun san irin raunukan da za a riƙa kawo mana. Na babur kowa ya san da su. Na keke ne ba a cika magana a kai ba, don faɗuwar keke ba ta tara jama'a. Magidanci ya ɗauro buhun gero, kariya ta ɓalle ta zauna kan taya. Ɗan makaranta ya miƙe tsaye yana tuƙi, feda ta fice, ya faɗo da gabansa kan sandar keken. Wani kuma kan keken ne ya juya a hannunsa yana tsakiyar gangara. Karayar ƙashin wuya, targaɗen hannu, fashewar leɓe, zubar haƙori. In ka tambayi yadda aka yi, amsar kusan ɗaya ce: "Ai dama notin ya daɗe yana wasa."

To wannan wasan nake so mu tattauna, musamman da iyaye da masu gyaran keke.

Noti yana riƙe ne da 'yan haƙoran nan da suka zagaye shi, waɗanda makanikai ke kira tiredi. Akwai su a jikin namijin noti, akwai su a cikin ramin da yake shiga. In na cikin ramin suka cinye, sai ka ji kana ɗaurewa yana ta juyawa, babu inda zai tsaya. Da ka zaro shi za ka ga wani siririn ƙarfe mai ƙyalli ya nannaɗe a jikinsa. Haƙoran ramin ne suka biyo shi waje.

Abin ya fi yawa yanzu saboda kekunan sun sauya. Tsofaffin Raleigh da Phoenix da Hero jikinsu baƙin ƙarfe ne, suna jure wahala. Kekunan kwatano da suka cika kasuwa kuwa, da yawansu alminiyam ne. Ba su da nauyi, suna da daɗin hawa, amma alminiyam ya fi ƙarfen noti laushi nesa ba kusa ba. Ƙarfin da ka saba sa wa Phoenix in ka sa wa irin wannan, ramin ne zai ba da kai. Ƙananan notocin da ke riƙe kariya da madigadi kaurinsu milimita 5 ne kawai, ba sa bukatar a hau sufana da ƙafa, balle a zura mata bututu don ƙarin tsawo.

Sai kuma shigar da noti a karkace. Ƙa'idar mai sauƙi ce: fara da yatsu. Ya yi zagaye uku ko huɗu lafiya lau kafin sufana ta taɓa shi. In ya cije tun a zagayen farko, ba tsatsa ba ce, hanya ya ɓata. Ka warware ka sake. A shafa ɗan giris ko ɗigon baƙin mai tukuna.

Feda ita ce ta fi cin mutane, kuma dalilin ya cancanci kowa ya sani. Fedar dama ana ɗaure ta yadda aka saba, wato yadda hannun agogo ke tafiya. Ta hagu kuwa akasin haka aka yanka haƙoranta, da gangan, don kada tuƙi ya riƙa kwance ta. A ƙarshen ƙarfen feda yawanci akwai harafi, R na dama, L na hagu. Yaro ya ɗauki sufana mai lamba 15 ya tura fedar dama a hannun hagu da ƙarfin tsiya, za ta shiga, ta ma yi kamar ta kama. Bayan 'yan kwanaki sai ta fice da mutum a kai. Haka ma gidan boris na ƙasa, inda ƙarfen feda ke juyawa: a yawancin kekuna kofin ɓangaren sarƙa shi ma da hagu ake ɗaure shi. Masu tsohuwar Raleigh ƙirar Ingila su ƙara lura, domin kamfanin ya yi nasa awon daban a nan, haƙora 26 a kowane inci, alhali na yawancin kekuna 24 ne. A ido iri ɗaya suke. Aka tilasta na wani a cikinta, an kashe keken da ya girmi mai shi.

In haƙora sun riga sun cinye, me muke yi? Mu naɗa leda ko zare a jikin notin, mu cusa yankin gwangwani, mu ɗiga sufa gulu, in abin ya ƙi mu ɗaure da robar tif. Ban raina dabara ba, ta kai mutane da yawa gida daga gona. Amma iyakarta ke nan, ta kai ka gida. Noti mai leda kamar ruɓaɓɓiyar igiyar guga ne, ba ta tsinkewa sai gugan ya cika. Ranar da ka ɗauko kaya mafi nauyi, ranar zai saki.

Gyaran gaskiya bai kai tsadar da ake zato ba. In haƙoran bakin ramin ne kawai suka murɗe, na ciki na nan, ana bi da ƙarfen yanka haƙora, wanda ake kira taf, mai awo daidai da notin, a sa mai, a juya a hankali ana yi ana komowa baya. In ramin ya ɓulla ta ɗaya gefen, a fi so a shigo da taf ɗin ta bayan, inda haƙoran ke da lafiya. Wani lokacin ma noti mai ɗan tsawo ya isa, don ya kai ga haƙoran da ba a taɓa ba.

Ramin kariya ko na madigadi da ya sule gaba ɗaya kuwa, mafi sauƙi shi ne a zura noti mai tsawo ya fita ta baya, a sa masa washa da macen noti a ɗaure. Sai dai a ɓangaren sarƙa a duba kada ya fito ya taɓa ta. A nan gara kan notin ya kasance ta ciki. In akwai isasshen nama a gefen ramin, ana iya huda shi da ƙarfen milimita 5 a yanka sabbin haƙora na noti mai milimita 6. Akwai kuma wata 'yar nannaɗaɗɗiyar waya ta ƙarfe, Helicoil, da ake dasawa a ramin bayan an faɗaɗa shi, noti mai awon asali ya koma ya zauna. A alminiyam takan fi haƙoran farko ƙarko. Ba kowane mai gyaran keke ke da ita ba, amma masu gyaran injin mota da babur a gari sun san ta, don da ita suke ceto ramin fulogi.

Walda fa? A keken baƙin ƙarfe, mai walda da ya san hannunsa zai iya liƙa macen noti ko ya cike ramin a sake hudawa. Keken alminiyam kada a kai shi waldar bakin titi. Zafin yana kashe ƙarfin wurin, ya yi kyau a ido, daga baya ya tsage a gefen ɗinkin.

Akwai wuraren da ni dai ba na goyon bayan faci ko kaɗan: abin da ke riƙe kan keke, notocin birki, da hannun feda, wato ƙarfen da ake ɗaure feda a jikinsa. In haƙoransu sun tafi, a sayi sabo a canza. Kuɗin hannun feda guda bai kai na hoton ƙashi ba, balle kwanakin da mutum zai yi ba ya zuwa gona. A kuma rage lodi. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, kuma kariyar kekunan kwatano da yawa iyakar abin da aka rubuta a jikinta ke nan. Mu kuwa huɗu muke ɗaurawa.

Kafin yaro ya fita makaranta, a kama tayar gaba tsakanin gwiwoyi a murɗa kan keken, a girgiza kowace feda, a ɗaga kariya, a matse birki. Duk abin da ya yi motsi ko ya yi ƙas-ƙas, keken ya jira.

In kuwa an riga an faɗi, a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai tsabta sosai, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Kada a zuba man birki, ko fetur, ko baƙin mai, ko toka. A zo asibiti a duba batun allurar tetanus, cutar nan mai sarƙe haƙora, musamman in ƙasa ko taki ya shiga raunin. Wanda ya bugu a kai ya fara amai, ko barci ya riƙa fizgarsa, ko maganarsa ta rikice, da yaron da ya faɗa kan sandar keke aka ga jini a fitsarinsa ko ya kasa yin fitsarin, waɗannan ba a kwana da su a gida.