Waiwaye: Yadda Hasidawa suka yi takun-saƙa da malaman Vilna

Wanda ya ga Yahudawa masu baƙar riga da doguwar hula a Kudus ko Brooklyn zai ɗauka duk tafiyarsu ɗaya. Alhali akwai lokacin da wani ɓangarensu ya haramta cin yankan ɗaya ɓangaren.

Abin ya faro ne daga yankin Podolia, a ƙasar Yukren ta yau. Nan Isra'ila ben Eliezer, wanda ake wa laƙabi da Baal Shem Tov, wanda kuma daga baya ake kiran mabiyansa Hasidawa, ya zauna a garin Medzhybizh har ya rasu a 1760. Jama'ar da ya tarar ta sha wuya: kisan gillar da aka yi wa Yahudawan Yukren a 1648 bai bar zukata ba, ga kuma ruɗin Shabbetai Tzvi, wanda ya yi da'awar shi ne Almasihu, sannan ya musulunta a 1666. Koyarwar Baal Shem Tov ita ce talaka mai ɗiban ruwa, ko da bai iya Talmud, babban littafin shari'ar Yahudawa, ba, zai kusanci Ubangiji da addu'a mai fitowa daga zuciya da farin ciki. Almajirinsa Dov Ber na Mezeritch ya baza ta ko'ina, kowane gungu da jagoransa, wato rebbe.

Malaman Lituwaniya ba su ga abin da kyau ba. Babbansu, Eliyahu, da ake kira Gaon, wato gwani, na birnin Vilna (Vilnius ta yau), mutum ne da ya ƙarar da rayuwarsa kan littafi. A 1772 aka yi shelar ƙaurace wa Hasidawa a Vilna, aka maimaita a 1781. Laifinsu? Jinkirta addu'a har lokacinta ya wuce, sauya tsarin karanta ta, waƙa da rawa, wasu har da alkafura.

Sai batun wuƙa, wanda a ganina ya fi tona asirin rikicin. Mahautan Hasidawa sukan wasa wuƙarsu har ta yi siriri ƙwarai, malamai suka ce irin wannan bakin yana saurin yin gibi, yanka ya ɓaci. Amma fa harajin nama na cikin abin da ke riƙe da asusun al'umma. Wanda ya kafa mahautarsa daban, ya janye kuɗi da biyayya ke nan.

Shneur Zalman na Liadi, wanda ya kafa reshen Hasidawa na Chabad, ya je Vilna neman sulhu, Gaon ya ƙi ganinsa. A 1798 aka kai ƙararsa wurin hukumar Rasha, wai yana aika kuɗi ƙasar Daular Usmaniyya, wadda ta sha yaƙi da Rasha. Kuɗin kuwa sadaka ce ga Hasidawan da ke zaune a Ƙasa Mai Tsarki, wadda ke ƙarƙashin daular a lokacin. Ya yi kwana 53 a tsare a Saint Petersburg. Ranar sakinsa, 19 ga watan Kislev na kalandar Yahudawa, har yau biki ce ga mabiyansa.

Wutar ta lafa ne da zamananci ya fara janye 'ya'yan ɓangarorin biyu daga addini. A 1912, a Katowice, cikin ƙasar Poland ta yau, jikokin masu wannan gaba suka zauna inuwa ɗaya suka kafa ƙungiyar Agudat Israel.