Sanyi ya shigo, masu ciwon ƙafa ku zo mu yi maganar takalmi

Assalamu alaikum jama'a. Tun da hunturu ya fara kaɗawa nake son yin wannan maganar, don duk shekara daga Nuwamba har zuwa Fabrairu abu ɗaya muke gani a ɗan asibitin da nake aiki, mutane na shigowa suna ɗingishi, wannan faso ya tsaga masa diddige har yana jini, waccan kuma ta ce in ta tashi da asuba ta sauke ƙafa daga gado ji take kamar ta taka ƙusa. In na ce a miƙo min takalmin in gani sai a yi ta mamaki, wai ciwo na kawo miki me ya haɗa ki da takalmina, a yi min allura kawai in tafi. To wallahi sau da yawa ciwon daga takalmin yake.

Bara war haka wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai ta zo min, ta haura shekara hamsin, tun duku-duku take fita, ga zuwa injin markaɗe ga ɗebo ruwa ga zirga-zirga a kan siminti har hantsi. Ta ce min "'yar nan, diddigen nan ya hana ni sakat, na sha maganin kemis har na gaji." Na ce Inna ɗan ciro silifas ɗin nan mu gani. Da na ɗaga shi, wajen diddigen ya cinye ya koma kamar takarda har da 'yar ɓula ina hango hasken taga ta ciki, ga shi ya karkace gefe ɗaya, da hannu ɗaya na naɗe shi kamar tabarma. Ta ce ai ya shekara biyu a ƙafarta. Kun ga da ita da mai tafiya ba takalmi kusan duk ɗaya ne.

Bari in ɗan yi bayanin abin da ke faruwa a ciki. Ƙafa ɗaya ƙashi 26 ne a cikinta, kuma a tafin akwai wata jijiya mai faɗi mai kauri da ta taso daga ƙashin diddige ta tafi har gindin yatsu, ita ke riƙe da lanƙwasar tafin ƙafa kamar yadda tsirkiya ke riƙe baka. Duk taku sai an ja ta. In takalmi shafal yake ba abin da ke tallafar tsakiyar ƙafa, kullum ana janta ana janta har ta fara rauni daidai inda ta manne da diddige, da daddare kana barci sai ta takure, shi ya sa takun farko na safe ya fi kowane zafi, in ka ɗan yi tafiya ya lafa, ka zauna ka jima ka tashi ya dawo sabo. Shi kuma faso, akwai kitse a ƙarƙashin diddige da ke bajewa gefe duk lokacin da ka ɗora nauyi, in fata na da laushi ba komai, amma iskar hunturu ta riga ta busar da ita ta yi kaushi, ga silifas bai da bayan da zai riƙe diddigen, sai fatar ta tsage, ƙura kuma ta shige ciki ta zauna.

Saboda haka mai ciwon ƙafa a wannan lokacin rufaffen takalmi yake buƙata, kambas ko sau-ciki mai faɗin baki, da safa. Ban ce sai mai tsada ba, dan Allah a fahimce ni, na ga takalmi mai shegen kuɗi da ba zan bar mai ciwon diddige ya sa ba, na kuma ga na gwanjo mai araha da ya fi shi komai.

In za ka kasuwa ka bari sai bayan la'asar, don ƙafa na ɗan kumbura in an wuni a kanta, wanda ka gwada da safe ya yi cif zai iya matse ka da yamma. Ka tafi da safar da za ka riƙa sawa. Kar ka aika yaro da lamba, 42 na wannan kamfanin ba lallai ya zo ɗaya da 42 na wancan ba, kuma mutane da yawa ƙafarsu ɗaya ta ɗan fi ɗaya girma, don haka duka biyun za ka sa, ka miƙe tsaye ka ɗan taka a gaban shagon. Tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmin ya kasance akwai fili kamar faɗin babban yatsan hannu, yatsu su iya motsi a ciki. In mai shago ya ce maka "Alhaji ai sabo ne, zai buɗe in ka sa shi kwana biyu" ka yi masa godiya ka ajiye masa kayansa, kafin ya buɗe ƙafarka ce za ta sha wuya.

Sannan ka riƙe takalmin a hannu ka gwada shi kamar yadda nake yi a asibiti. Ka lanƙwasa shi, ta wajen gindin yatsu ya kamata ya lanƙwasu, in ya karye biyu a tsakiya ba zai tallafe ka ba. Ka murɗa shi kamar mai matse wanki, in ya murɗu cikin sauƙi shi ma ka bar shi. Ka matsa bayansa inda diddige ke zama da yatsa biyu ka ji yana da ƙarfi. Tsayin diddigen ya ɗan ɗara gaba kaɗan amma kar ya wuce faɗin yatsa biyu, shafal gaba ɗaya ba kyau, mai tsini na 'yan mata da mai tsukakken baki na angwaye su ma a ajiye su sai ranar biki.

Na gwanjo kuma, ko a Ƙofar Wambai ne a Kano ko a kasuwar garinku, akwai ƙarin abin dubawa, tunda wani ya riga ya taka shi da irin tafiyarsa. Ka ajiye shi a kan benci ka duba ta baya, in ya jirkice gefe ɗaya haka zai jirkita maka ƙafa. Ka zura hannu ciki ka ji ko shimfiɗar ta lotsa, in ana iya cire ta ma ya fi, sai a sa sabuwa ko shumeka ya yanka maka soso mai ɗan tauri. Ka wanke shi ya sha rana sosai kafin ka fara sawa. Takalmin roba da ake so saboda araha da saurin wankewa ba ya barin iska ta shiga, ƙafa ta yi ta gumi a ciki ga sanyi, daga nan cin ruwa ke kama tsakanin yatsu.

Na san abin da maza za su ce, sallah biyar a rana wa zai tsaya kwance igiya da ɗaurawa a ƙofar masallaci, ga kuma tsoron a ɗauke. Gaskiya ne. Amma akwai masu maɗaurin mannewa, fisge ɗaya ka cire, akwai kuma sandal mai kauri da maɗauri ta baya da za ka haɗa da safa, duk sun fi silifas nesa ba kusa ba, leda kuma ba ta da nauyi a aljihu. Abin da nake roƙo shi ne bayan alwala a goge ƙafa da ɗan hankici har tsakanin yatsu kafin a mayar da safa. Dattawan da ruwan asuba ke wahalarwa su tuntuɓi malamai kan shafa a kan huffi, abu ne sananne a fiƙihu yana da sharuɗɗansa. Mata kuma da muke wuni a gida ƙafa tsirara a kan siminti ko tayil mai sanyi, a ware takalmi ɗaya mai kauri na cikin gida, a ajiye shi bakin gado, takun farko na safe a cikinsa za a yi.

Yanzu masu ciwon suga, ku nake so ku fi saurarona. Ciwon suga in ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji na ƙafa, mutum ya ji rauni bai sani ba, ga shi ciwo ba ya saurin warkewa. Akwai wani dattijo da ɗansa ya kawo mana, wai ƙafar na wari, da za mu cire safa ta riga ta manne da tafin sai da muka jiƙa ta. Na zura hannu cikin takalmin sai na ji kan ƙusa, ashe gyara aka kai aka buga ta ta ɓullo ciki, kwana da kwanaki yana takawa. Na ce Baba ba ku ji zafi ba? Ya ce "wallahi 'yata ko kaɗan." Tura shi muka yi babban asibiti, kuma na daɗe abin na raina. Don haka kullum kafin ka sa takalmi ka kakkaɓe shi ka shafa cikinsa da hannu, tsakuwa ɗaya ta isa ta jawo gyambo. Sabon takalmi awa ɗaya ko biyu za ka fara sa shi ka cire ka duba ko wani waje ya yi ja ko ya tashi. Safa ta zama ta auduga mara matsewa a ƙwauri, fara ta fi, don ko jini ya fita za a gani. Kar ka miƙa ƙafa kusa da kaskon garwashi wai kana jin ɗumi, za ka iya ƙonewa ba ka ji ba, ruwan zafin wanka ko na alwala kuma da gwiwar hannu za ka fara taɓawa. Duk dare a duba tafin ƙafa da madubi ko jika ya duba maka, in an ga tsagewa ko kumburi ko wajen ya canza launi kar a jira sati, a zo washegari.

Faso shi ma kar a sa masa reza, kar a ɗiga masa sufa gulu ko baƙin mai, duk na gani da idona. A jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi kamar minti goma, a goge kaushin a hankali da dutse, a shafa man kaɗanya ko basilin a sa safa a kwanta, amma ban da tsakanin yatsu. Mai suga kuwa ko dutsen ya bari sai ma'aikacin lafiya ya gani. In kuma ƙafa ɗaya ce ta kumbura lokaci guda da zafi a sharaɓa, ko mai juna biyu ta ga kumburi haɗe da ciwon kai, wannan ba maganar takalmi ba ce, asibiti za a nufa nan take.

Inna mai ƙosai dai ɗanta ya samo mata kambas na gwanjo, da farko ta ce kunya take ji ta sa shi da zani yara su ce ta zama 'yar ƙwallo, na ce Inna ku daure ku gwada. Na kuma nuna mata ta riƙa mirgina kwalba a ƙarƙashin tafin in tana zaune gaban kasko, da safe kuma kafin ta sauko ta ja yatsun sama da hannu na ɗan lokaci. Bai tafi a sati ɗaya ba, sai da ta kusa wata uku kafin ta ce min ta daina tsoron takun asuba. Shekaranjiya ta kawo jikarta rigakafi, kambas ɗin ne dai a ƙafarta, na duƙa na duba ƙasansa ya fara cinyewa ta gefen waje, na ce a kai wa shumeka ya gyara kafin sanyin Disamba ya kankama.