Ƙirga layuka daga teburori da yawa da umarni ɗaya: tambayoyi da amsoshi

Masu koyon SQL, wato harshen da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, suna yawan maimaita mini waɗannan tambayoyi, don haka na tara amsoshin wuri guda. Misalinmu rumbun bayanan wani shago ne mai teburori uku, wato kwastoma, oda da biya, kuma biyun ƙarshe kowanne yana ɗauke da lambar kwastoma.

Za a iya ƙirga teburori biyu da umarni ɗaya?

Ƙwarai kuwa. Ka ba kowane ƙirge ƙaramin umarninsa: `SELECT (SELECT COUNT(*) FROM oda), (SELECT COUNT(*) FROM biya)`. Wannan yana aiki a manhajojin rumbun bayanai na PostgreSQL, MySQL da SQLite, amma tsofaffin nau'o'in Oracle suna buƙatar `FROM DUAL` a ƙarshe.

Me ya sa kwastoman da bai taɓa sayen komai ba yake nuna oda ɗaya?

Saboda ka haɗa `LEFT JOIN`, mai ba kwastoma layi ko da ba shi da oda, da `COUNT(*)`, wanda yake ƙirga layi ko da babu komai a cikinsa. Ka rubuta `COUNT(oda.lamba)`, wato ƙirga lambar oda, domin shi yana tsallake NULL (gurbin da babu komai a ciki), sai ka samu sifili.

Na haɗa oda da biya a kan kwastoma, sai alƙaluman suka kumbura. Ina kuskuren yake?

Kwantar da hankalinka, bayananka ba su lalace ba, kuma kusan kowa yana faɗawa wannan tarko. JOIN ba ya jera teburori gefe da gefe, yana ninka su ne. Idan kwastoma ɗaya yana da oda 3 kuma ya yi biya sau 4, kowace oda za ta haɗu da kowane biya, sai a samu layi 12, kuma ƙirgen biyu duk 12 za su nuna.

Gyaran da aka fi gaggawar ba mutane shi ne `COUNT(DISTINCT oda.lamba)`, kuma lallai yana ba da adadi daidai muddin lambar ba ta maimaituwa a teburinta. Sai dai ba na cika son sa, domin injin ya riga ya ƙera layukan nan 12 kafin ya tace su, kuma idan kwastoma yana da oda 500 da biya 400, layi 200,000 ke nan saboda mutum ɗaya. Ban da haka, ranar da aka ce ka ƙara jimillar kuɗi, dabarar za ta ba ka kunya, saboda `SUM(DISTINCT kudi)` zai ɗauki biya biyu na naira 5,000 a matsayin guda.

Abin da na fi ba da shawara shi ne a ƙirga kowane tebur shi kaɗai da `GROUP BY` a kan lambar kwastoma, sannan a haɗa sakamakon da teburin kwastoma ta `LEFT JOIN`, a rufe da `COALESCE` don NULL ya koma sifili. Ana iya tsara wannan da `WITH`, amma MySQL bai karɓe shi ba sai a nau'i na 8.0, don haka mai tsohon nau'i sai ya sa ƙananan umarnan cikin `FROM`. Duk da haka ba zan ce wannan hanya ce ta fi sauri a ko'ina ba. Idan kwastomomi kaɗan kake nema daga cikin dubbai, ƙaramin umarni mai bin kowane kwastoma yana iya fin ta, matuƙar akwai fihirisa (index, jerin da ke sa injin ya samo layuka da sauri).

Idan ina so in jera ƙirgen teburorin ɗaya ƙarƙashin ɗaya, UNION zan yi amfani da shi ko UNION ALL?

`UNION ALL`, kuma don Allah a daina sakaci da wannan. `UNION` yana goge layukan da suka yi kama, saboda haka idan teburori biyu suka ba da adadi ɗaya, guda zai ɓace ba tare da gargaɗi ba.

Umarnina yana jan ƙafa, me zan yi?

Ka sa fihirisa a kan lambar kwastoma a teburin oda da na biya, domin PostgreSQL ba ya yin haka da kansa. Bayan nan ka gudanar da `EXPLAIN`, mai bayyana yadda injin zai bi umarninka, ka karanta abin da ya nuna kafin ka sake turo tambaya.